Shekarar da Ban Tsaya wa Nafi'u Ba

Wannan babi ban yi niyyar rubuta shi ba. Na so in tsallake daga shekarun da na fara koyarwa in wuce kai tsaye zuwa komawarmu birni, amma wayar da Mustapha ya yi mini bayan kakar bana ta dawo da ni baya. Ya ce ku 'ya'yana ukun kun zauna kun yi magana, kun ga geron da Nafi'u ya aiko daga gonar gida bai kai na bara ba, kuma wani ya gaya muku a wajen ɗaurin aure cewa ɗan'uwan nan naku an taɓa kai shi gidan kangararrun yara saboda sata. Ya tambaye ni ko gaskiya ne, in kuwa gaskiya ne, me ya sa na danƙa masa gona da makullin ɗakin hatsi ban gaya muku ba. Na ce masa gaskiya ne. Daga nan wayar ta katse, ban sani ba ko kati ne ya ƙare ko shi ya kashe. Kun san ni, a baka ba na iya bayani, in na fara sai in yi ta kewaye-kewaye. Bari in gwada a takarda, ko da yake a nan ɗin ma ban yi muku alkawarin za ku fita da amsa ba.

Nafi'u ɗan Yaya Garba ne, wana da muke ciki ɗaya, wanda ba ku sani ba sai a hoto. A shekarar da zan ba ku labari Nafi'u yana da sha biyar, ko sha shida, Inna da Yaya Garba ba su taɓa daidaitawa a kan wannan ba. Ni kuwa ban daɗe da gama jami'a ba, ina koyarwa a wata sakandare kusa da Minjibir, in fita a babur da safe in dawo bayan la'asar. Ni ne na farko a unguwarmu da ya yi digiri, wannan kuwa ya jawo mini wani nauyi da ban san yadda ake ɗaukarsa ba. Takardar asibiti a kawo mini, rigimar kan iyaka a kira ni, ko tunkiya ce ta ƙi cin dusa sai a ce a tambayi Malam. Abin da jami'a ta koya mini, in dai ta koya mini wani abu, shi ne kada in faɗi abin da ban tabbatar ba. Na riƙe wannan hannu bibbiyu, ina ganin shi ne gaskiya, shi ne kuma tsoron Allah. Har yau ban daina ganin haka gaba ɗaya ba.

Tun da a birni kuka tashi, sai na ɗan yi muku bayanin ƙasarmu. A wajenmu babu daji. Gona manne da gona, gida na kallon gida, duk inda ka taka na wani ne, har kukar da ke bakin hanya da mai ita. Muna yara Baba ya yankar wa kowannenmu gayauna daga gandunsa, wato 'yar gonar da yaro ke noma wa kansa da yammaci da kuma ranar Juma'a, abin da ya fito nasa ne, ya sayi hula ko ya sa ɗan akuya a turke. Da aka raba gadon Baba, abin da Yaya Garba ya samu bai isa a yanki komai a ciki ba. Saboda haka Nafi'u ya taso yana noma amma bai taɓa riƙe zangarniya ɗaya da zai ce tasa ce ba. Abin da ya rage wa irinsu shi ne kala. In mai gona ya gama cire gyaɗarsa ya kwashe, yara sai su shiga su tone abin da ya maƙale a ƙasa, wannan halal ne, ba mai hana su. Nafi'u ya fi kowa iya kala, sai dai ya fara gajen haƙuri. Mai gona na wannan gefe bai gama ba, shi ya riga ya shiga wancan gefe. Daga nan ya koma shiga tun ba a fara cira ba. Ni dai ba zan iya nuna muku ranar da kala ta zama sata ba, ina jin shi kansa ba zai iya ba. Daga gyaɗa aka koma kaji, daga kaji aka koma zaman tasha da wasu samari masu shaƙar sholisho. Sau biyu ana kai ƙararsa wajen mai unguwa, sau biyu Yaya Garba yana zuwa ya ba da haƙuri ya taho da shi.

Kowa a gidan da nasa dalili. Inna, kakarku, ita ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsa yana ɗan shekara bakwai, a ɗakinta yake kwana, daga kwanonta yake ci. Ita maganarta ɗaya ce kullum.

"Baki ne. Yaron nan tun yana goye ake cewa ya cika wayo, ba wanda ya taɓa cewa tubarkalla. Ga shi nan sun cinye mini shi."

"Wane irin baki, Inna?" in ji Yaya Garba. "Ke kika ɓata shi. Da na ɗaga bulala sai ki shiga tsakani. Ke da 'yan tashar nan, su kam Allah ya isa."

"To ranar nan ai ban shiga ba, ka doke shi har bulalar ta karye. Me ya ragu?"

Mahaifiyarku a lokacin sabuwar zuwa ce a gidan, ba ta sa baki a gaban manya. Sai mun koma sashenmu take faɗin nata.

"Malam, yaron nan fa ba shi da abin da yake tsoron rasawa. Ba gona, ba akuya, ko kaza ba shi da ita. Da me za a tsorata shi?"

Ni kuma na buɗe akwati na zaro takardun darasin halayyar yara da muka yi a jami'a. Duk abin da suka faɗa yana ciki, in ban da na Inna: maraici, talauci, miyagun abokai, yawan duka, yawan sakaci. Na ja layi a ƙarƙashin kowanne da jan biro. Matsalar ita ce, shugaban 'yan tashar nan ɗan wani Alhaji ne mai gonaki, uwarsa da ubansa suna raye, bai taɓa kwana da yunwa ba. Ga kuma wani maraya a bayan gidanmu da ya fi Nafi'u rashi nesa ba kusa ba, ko allurar wani bai taɓa ɗauka ba. Sai na rasa wanne zan kama. Na rufe akwatin, na ce zan ƙara nazari.

Ban gama nazarin ba abin ya faru. Ƙarshen bazara ne, hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma yana watsewa, kowa ya kai taki gona, ana jiran ruwan shuka. Maƙwabcinmu Malam Tanko, tsoho ne mai zafin harshe wanda ba ya dariya sai in wani ya faɗi, yana da wani irin gyaɗa da ya gada wajen ubansa. Duk shekara shi da kansa yake zaɓar iri ƙwaya-ƙwaya, ya zuba a tsohuwar randa da toka, ya liƙe bakin da laka, ya ajiye a ɗakin da ke jikin zaurensa. Ko matarsa ba ta taɓa randar nan. Ranar wata Juma'a, maza duk mun tafi masallaci a garin da ke kusa, Nafi'u ya shiga ya fasa bakin randar, ya juye irin a buhu, ya kai wa mai suyar gyaɗa a tasha. Kafin a gano inda ta shiga, an soye ta da gishiri, matafiya sun cinye rabi.

Sai kun gane bambancin nan kafin ku gane sauran. Wanda ya saci hatsi ya saci abincin sati ɗaya ko biyu. Wanda ya saci iri ana gab da shuka ya saci shekara guda, a wajen Malam Tanko ma ya fi haka, don wannan irin ba a kasuwa ake samunsa ba. Na ga tsohon nan zaune a gaban fasasshiyar randarsa yana tsince 'yan ƙwayoyin da suka zube a cikin toka, bai zagi kowa ba. Wannan shirun nasa shi ya fi tayar wa unguwa hankali.

Washegari da hantsi aka zauna a ƙofar gidan mai unguwa Ado, ƙarƙashin darbejiya. Manya a kan tabarma, samari tsaye a baya, mata kuwa na san suna bayan danga suna ji. Aka durƙusar da Nafi'u a tsakiya. Bai yi musu ba, bai yi kuka ba, yana ta zana ƙasa da ɗan tsinke. Mai unguwa ya saurari kowa, sannan ya yi abin da aka saba yi kafin a miƙa magana gaba wajen dagaci da 'yan sanda.

"To jama'a, kun ji. Kafin maganar nan ta bar ƙofar gidana, akwai wanda zai tsaya wa yaron nan a cikin danginsa? Garba, kai ka tsaya sau biyu, ba a tsayawa sau uku. Sai wani."

Ba wanda ya kira sunana, amma duk fuskokin suka juyo. Yaya Garba bai dube ni ba, ƙafarsa yake kallo. Abin da na fahimta a lokacin shi ne ana so in ba da tabbaci a gaban jama'a cewa yaron nan ba zai sake ba. Ni kuwa ban san haka ba. In gaya muku gaskiya, zatona ya fi ƙarfi a kan zai sake. Sai na gyara zama na fara magana. Na ce lamarin yara irin wannan yana da dalilai da yawa, na ce masana sun kasu, wasu na ganin ana iya gyara su in an samu yanayi mai kyau, wasu na ganin sai an raba su da inda suka saba. Na ce ya kamata a duba ta kowane ɓangare. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Wani daga cikin samarin baya ya ce a kawo wa Malam allo da alli, aka yi 'yar dariya, mai unguwa ya ɗaga hannu.

"Malam, Allah ya ƙara ilmi. Mun ƙaru. Amma tambayar gajeriya ce. Ka tsaya masa, ko ba ka tsaya ba?"

"Ranka ya daɗe, ba wai na ƙi ba ne. Sai dai ina jin tsoron in yi alkawarin abin da ba ni da tabbas a kansa."

"To, ba ka tsaya ba ke nan."

"Ba haka nake nufi ba, ina nufin..."

"Mun gane, Malam."

A nan ne Nafi'u ya ɗago kai, karo na farko tun da aka zauna. Ba harara ba ce. Kallo ne irin na wanda ya leƙa rijiya don ya ga ko da ruwa, ya ga babu, ya mayar da kansa. Ya ci gaba da zanen ƙasarsa. Kafin azahar an tafi da shi, bayan 'yan kwanaki alƙali ya tura shi gidan kangararrun yara a birni.

Inna ta yi kwana arba'in ba ta amsa gaisuwata da fiye da kalma ɗaya ba. Yaya Garba ya daina fito da kwanonsa zaure in ina nan. Ni kuwa ina ta gaya wa kaina ban yi ƙarya ba, ban yi ƙarya ba, kamar mai jan carbi. Bayan kamar sati biyu, an yi ruwa an yi shuka, na haɗu da mai unguwa a hanyar gona yana tafe da jakinsa. Na kashe babur na gaishe shi, na ce ina so ya fahimce ni, ban ga yadda zan rantse a kan gobe ba. Ya tsaya yana dubana kamar na yi masa wani yare.

"Wa ya ce ka rantse a kan gobe? Ni na san gobe? Uban yaron da ya tsaya sau biyu, ya san gobe ne?"

"To mene ne tsayawar, ranka ya daɗe?"

"Ikon Allah. A unguwar nan aka haife ka fa, Malam. Tsayawa ita ce in ya sake, ƙofarka za mu buga, ba ta 'yan sanda ba. Kai za ka sha kunyar, kai za ka bi mutane da ban haƙuri. Shi ke nan. Ai mun san zai sake, wa bai sani ba? So muke mu ji ko yana da ƙofar da za a buga."

Ya ja jakinsa ya wuce. Na daɗe zaune a kan babur ban tayar ba. Tun ina ɗan shekara goma sha biyu nake makarantar kwana, daga can sai jami'a. Na sha ganin ana irin wannan zama daga nesa, ban taɓa zama a kan tabarmar ba. Na san sunayen masana daga ƙasashen da ban taɓa zuwa ba, amma ban san abin da ake tambaya a ƙofar gidan mai unguwarmu ba. Wani lokaci kuma nakan ce wa kaina wannan ma uzuri ne kawai, wataƙila na sani sarai, tsoron kunyar ne ya sa na fake da rashin tabbas. Na kasa raba waɗannan biyun har yau.

Sau ɗaya na je duba shi, tsakiyar damina. Inna ta ƙulla ƙuli-ƙuli da garin ɗanwake ta ajiye a kan babur ɗina, na gane saƙon. Aka fito mini da shi, an yi masa aski ƙwal, ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Na shirya nasiha tun daga gida, mai kashi uku. Kafin in buɗe baki ya riga ni.

"Baffa, an yi maimai a gona?"

"Ana yi."

"Malam Tanko me ya shuka a gonar bakin rafi?"

"Gyaɗar kasuwa ya samo. Ba ta fito sosai ba."

Ya gyaɗa kai, ya kwance ƙullin ya fara cin ƙuli-ƙuli. Na dawo gida ina murna, na gaya wa mahaifiyarku yaro ya yi nadama, tun da ga shi yana tambayar gonar wanda ya cuta. A wannan ziyarar kuma hular da na cire na ajiye a kan benci ban sake ganinta ba. Mai yiwuwa wani yaron ne. Mai yiwuwa a hanya ta faɗi. Ban sani ba.

Da kaka aka sako shi, kuma in ce muku ya dawo a gyare, na yi ƙarya. Ya dawo ya iya buɗe kwaɗo da waya, ya iya wasu kalmomi da ba a taɓa ji a gidanmu ba, ya daina tsoron kowa. Mutane suka fara shigar da turmi da taɓarya ɗaki in za su fita. Kwana uku da dawowarsa, muna zaune a ƙofar gida da safe, sai ga Malam Tanko da sandarsa. Bai yi sallama da kyau ba ma.

"Garba, ina ɓarawon nan naka?"

Yaya Garba ya miƙe, ya ce me ya yi kuma.

"Bai yi ba tukuna. Fito da shi. Kai, zo nan, mai idon mage. Ka cinye mini iri, kai za ka dawo mini da shi. Na tsinci ƙwaya cikin tafi ɗaya a toka, na shuka su a bayan ɗaki, sun ba ni kwano guda. Idona ya mutu, ba na ganin mai kyau da marar kyau. Kai kuwa idonka ko a cikin randar da aka liƙe yana gani. Gobe da sassafe."

Na sa baki na ce, Malam Tanko, ko za a ɗan yi tunani, kada a sa shi kusa da abin da zai jarrabe shi.

"Malam, kai dai je ka makaranta, yara na jira. An riga an ji naka."

Haka aka fara. Kullum da safe Nafi'u na zaune a zauren Malam Tanko da faifai a cinya, yana ɓarar gyaɗa yana ware masu cika daga masu tsamurewa, tsohon na kansa yana zagi. Ban taɓa jin ya kira shi da sunansa ba, daga ɓarawo sai mai idon mage. Ba nasiha, ba lallashi, ba ko ɗaya daga cikin abubuwan da takarduna suka ce a yi. Da damina ta zagayo ya yankar masa kunya shida a gefen gonar bakin rafi, ya ce abin da ya fito nasa ne, in ya ga dama ya sace wa kansa. Kada kuma ku ɗauka daga nan komai ya miƙe. A cikin wannan shekarar Nafi'u ya ɗauke rediyon Malam Tanko ya kai tasha. Tsohon bai je wajen mai unguwa ba. Ya ɗauki sandarsa ya taka har tasha da ƙafa, ya karɓo rediyonsa, ya dawo ya tarar da yaron a zaure, ya ajiye masa faifai a gaba, ya ce tashar da yake ji ma an juya masa ita, ɓarawon banza ko mayar da abu yadda ya same shi bai iya ba. Bayan wannan an yi maganar wata tunkiya da ta ɓace a unguwar gaba, wasu sun ce shi ne, ba a tabbatar ba. Daga nan ƙararrakin suka yi ta raguwa, har wata rana na lura an daɗe ba a buga ƙofar gidanmu da sassafe ba. Ba zan iya ce muku ga ranar da ya daina ba, kamar yadda ban iya ce muku ga ranar da ya fara ba.

Mahaifiyarku ta ce kunya shidan nan ce ta gyara shi. Inna ta ce rubutun da ta yi ta karɓo masa ne. Yaya Garba, kafin ya rasu, ya ce wahalar gidan yara ce ta yi aiki daga baya. Shi kuwa ɗan Alhajin nan na tasha, an ba shi gona, an ba shi jari, an yi masa rubutu, an kai shi gidan yaran shi ma, kuma a gidan yari ya ƙare. Na koyar da yara shekara talatin da wani abu bayan wannan, iyaye da yawa sun zauna a ofishina suna tambayata ko ɗansu zai shiryu, ban taɓa samun amsar da na yarda da ita ba.

Shekara uku da suka wuce, da gwiwoyina suka hana ni zirga-zirga, na je gida don in danƙa wa Nafi'u gonar. Yanzu magidanci ne da 'ya'ya biyar, furfura ta fara fito masa a gemu, kuma duk yankin wajensa ake zuwa neman irin gyaɗa, wanda har yanzu ake kira na Malam Tanko ko da yake tsohon ya daɗe da rasuwa. Muka zaga gonar tare da hantsi. Da za mu koma, na nufi 'yar hanyar da ta ratsa ta cikin gonakin mutane, sai ya ce mu bi ta titi. Na ce ai ta titi ta ninka nisa, ga ƙafata.

"Yi haƙuri, Baffa. In amfani ya nuna ba na ratsa gonar mutane."

"Saboda me? Wa zai zarge ka yanzu?"

"Ba don mutane ba ne. Idona ne. Har yanzu in na wuce, kafin in ankara na riga na san inda dangar take da rauni, na san wace kunya ce ba a hangowa daga gida. Ba na sa shi, shi yake yi. To gara in bi titi."

Muka bi titi. Na yi ta juya maganar da na zo da ita shekara da shekaru, sai da muka kusa gari na iya fitar da ita. Na ce masa ranar nan a ƙofar mai unguwa, ban kyauta ba, ina neman ya yafe mini. Ya yi dariya, ba ta izgili ba.

"Baffa, ai gaskiya ka faɗa. Da ka tsaya mini, wallahi ba za a yi sati biyu ba. Na riga na yi cinikin akuyar Inna da wani mahauci, ranar kasuwa kawai nake jira."

Sai na ji wani sanyi, kamar an sauke mini kaya. Na ce to ashe ban yi kuskure ba ke nan. Ya yi 'yan taku, sannan ya juyo.

"Ban sani ba, Baffa. Da na saci akuyar, wannan babu shakka. Amma da na san akwai wanda zan kunyata. A can gidan yaran, abin da na yi ta tunani ke nan, wai duk abin da na yi yanzu ba wanda zai sunkuyar da kai saboda ni. Wannan ya fi bulala ciwo, kuma ya fi daɗi. Ban san yadda zan gaya maka ba."

Ni ma ban san yadda zan gaya muku ba. Na ba shi makullin a ranar, a bakin titi.

Game da geron bana, ga iyakar abin da na sani. Ruwa ya ɗauke kusan sati uku ana tsakiyar fitar da kai, kowa a yankin ya koka, na tambayi mutum biyu sun tabbatar mini. Na kuma san abin da ya gaya mini da bakinsa a kan idonsa. Na kwana biyu ina auna waɗannan, na ɗauki waya sau uku zan kira shi ina ajiyewa. Ban kira ba, kuma ba zan kira ba. Ba na so ɗayanku ya kira shi, ko ya aika a tambayi maƙwabta a ɓoye, don a ƙauye babu ɓoye, kafin la'asar zai ji. In kuna ganin an tauye muku wani abu, ni na tauye muku, ku zo gare ni. Gonar tana hannunsa muddin ina numfashi. Bayan raina taku ce, ku yi abin da kuka ga ya dace, ba zan ɗaure ku da abin da ni kaina ban tabbatar ba. Na aika masa ya fara kai taki.